Lemun da Baba Ya Raba a Gwangwani

Ina bakin aiki a kicin ɗin wani otal na bakin teku, ina yanka lemo saboda shayin baƙi, ƙanena Usman ya kira ni. Bai tsawaita ba. Ya ce, "Yaya Safiya, Baba halas, ya rasu. Ki taho." Na yi salati, na ajiye wuƙar, na wanke hannuna. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa.

Mahaifinmu Malam Haruna, wanda duk Hausawan kudancin Jidda suka sani da Mai Lemo, haihuwar Sudan ne. Yana goye iyayensa suka tsallako teku da shi don aikin hajji, suka zauna. Da ya tasa sai ya kama aikin lambu a wani ƙauye da ke bayan gari, cikin kwari mai rijiyoyi. A lokacin ba a san ƙauyen da komai ba sai lemun tsami, ƙanana masu siririn ɓawo da yawan ruwa. Baba ya ce in bishiyoyin suka yi fure, tun daga bakin titi ƙamshi ke tarar mutum. A can ya koyi yi wa bishiya aure, wato a yanko reshen mai kyau a haɗa shi da jikin wata a ɗaure har su kama.

Jidda kuwa ta yi ta matsowa. Kwalta ta fara zuwa, sai gidajen hutu da ake kira istiraha, sai wuraren wasan yara da otal-otal. Masu lambu suka sayar ɗaya bayan ɗaya. Yau Usman direban masu yawon buɗe ido ne, kuma yakan bi da su ta daidai wurin, suna ɗaukar hoton fitilu. Ban taɓa jin Baba ya zagi wannan canji ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Gari in zai girma ba ya sallama da lambu." Har alfahari yake yi 'ya'yansa biyu suna cin abinci daga baƙin.

Amma ranar da aka zo tumɓuke lambun da ya yi wa aiki, ya yanko rassa ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya kawo gidanmu na unguwar Kurayyat ya yi wa wata 'yar bishiya aure. Ni na riƙe masa zaren. Ta kama, ta girma, ta zama kamar babbar yayarmu a gidan. Ruwa sai an jira tanka, don haka Baba ya jera bokiti a ƙarƙashin kowane mukayyif na layinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana tarar ruwan da ke ɗiga. Umma takan tsokane shi ta ce da lemun nan mutum ce da tuni an yi mata ɗankunne. Shi kuma ya ce, "Ita ba ta taɓa mayar mini da magana ba, ya Hajiya."

Ba ya sayar da 'ya'yanta. Mai mura, mai jego, mai dama kunun azumi, kowa ya aiko a tsinko masa. In yaro ya kai hannu ga ɗanye sai ya ce, "Bar shi ya gama, ya waladi, ba gudu zai yi ba."

Da aka sanar za a rushe layinmu tare da sauran tsofaffin gidaje, Baba bai yi maganar gidan ba, lemun ce ta dame shi. Ta tsufa, ba za ta jure a cire ta ba, mu kuma bene za mu koma a unguwar Waziriyya, babu tsakar gida. A iya saninsa ita ce ta rage daga irin wancan kwarin. Ya tara gwangwanayen madara, ya yi ta yi wa 'yan bishiyoyi aure da rassanta ba hutawa, ya raba dashe ga duk maƙwabcin da ya miƙo hannu. Daga nan kowa ya kama gabansa, wasu unguwar Mahjar, wasu Makka, wasu suka bar ƙasar. Nasa gwangwanin da ya ajiye a baranda, zafi ya ƙone shi a bazarar farko.

Tun daga nan Baba ya rage magana. Na san abin da ke cinsa. Wata rana na ce, "Baba, ga waya. Mu kira mutanen nan mu ji ko ta wani ta rayu mana."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "A'a, ya binti. Na ba mutum abu, sannan in bi shi ina tambaya me ya yi da shi? In ta mutu a hannunsa fa? Na kunyata shi ke nan."

Na so in kira a ɓoye, amma mutumin da ya hana abu da irin wannan muryar ba a zagaye shi. Haushin wannan kunyar tasa na ji a ranar, kuma har yanzu ban gama hucewa ba. Haka ya zauna shekarun nan, in na kawo lemun otal ya murza ɓawon ya shinshina, ya ce, "Ba laifi," ya ajiye.

Rana ta biyu ta zaman makoki, Inna Zainabu, tsohuwar maƙwabciyarmu da ta koma Mahjar, ta shigo ɓangaren mata. Ta yi mana gaisuwa, sannan ta kunce bakin mayafinta a gaban Umma. Lemo ne 'yan kaɗan, ƙanana, masu siririn ɓawo. Ban buƙaci a gaya mini ba, ƙamshin ya isa.

Ta ce, "Na Malam ne. Tun bara ta fara yi. Wallahi na so in kawo, sai na ga 'yan ƙwayoyi ne. Na ce ina ni ina kai wa Mai Lemo abin da bai cika tafin hannu ba? Bari ta cika kwando tukuna."

Umma ta ɗauki ɗaya ta riƙe. Sannan ta ce, "Ke da shi duk halinku ɗaya, Zainabu." Mota ɗaya ake hawa daga Mahjar zuwa Waziriyya. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Mun matse su a shayin masu gaisuwa, aka miƙa har wajen maza. Bayan addu'ar bakwai na je gidan Inna Zainabu da wuƙar Baba da zare, na yanko rassa, na yi musu aure a gwangwanaye kamar yadda Baba ya yi. Gwangwanayen suna inuwar bayan kicin ɗinmu na otal yanzu, kuma duk wanda na ba zan bi shi in tambaya.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya kabarinsa. Allah Ya sa kowane lemo da aka tsinka daga dashensa ya zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba Umma haƙurin rashinsa, Ya riƙa mana ni da Usman da 'ya'yanmu. Abin da bai samu ya ji ba a duniya, Allah Ya sa ya tarar da ladansa a can. Amin.