Ranar da Kawu Illa Ya Tare Masu Gwajin Jini

Shekarar da fara ta cinye mana gero ne masu binciken zazzaɓin yara suka fara zuwa ƙauyenmu daga Madawa. Ku da kuka san Kawu Illa, yayan mahaifiyata, kun san halinsa: babu maganin da zai shiga bakin yaron gidanmu sai ya ɗanɗana. Ya taɓa shanye rabin kwalbar maganin tsutsar ciki, ya yini yana zarya bayan gari, ya dawo ya ce, "Yana aiki. A ba yaron."

A lokacin ɗiyata Rakiya ta kwana huɗu da zazzaɓi, tafin hannunta ya yi fari fat. Na ɗauko ta zuwa gindin gawon da masu binciken suka sauka, sai ga Kawu ya gitta sandarsa. An riga an baza cewa sayar da jinin yara suke yi.

Shugabarsu, Madam Saratu, Kirista ce mai sanyin magana. Ta ce, "Baba, ɗigo guda ne daga yatsa."

Ya ce, "Ɗigo-ɗigo kuke tarawa. Ɓarauniyar jini."

Rakiya tana kafaɗata, numfashinta sama-sama, ni kuma ban isa in tsallake sandar kawuna ba.

Madam ta ce, "To mi kake so?"

"A fara da ni."

Aka soke shi, ya yi ƙarar da ta fi ta yara. Bayan ɗan jim ta duba ɗan abin gwajin da ta ɗiga jinin a kai, ta ce shi ma yana da zazzaɓin cizon sauro.

Ya ce, "Kwana uku ina ɓoye shi, ko Hajjo matata ba ta sani ba. Wa ya gaya wa abin nan?"

Ya janye sandar. Da aka gwada Rakiya, fuskar Madam ta canza. Ta ce jinin yarinyar ya kusa ƙarewa, sai an kai ta asibiti yanzu. Kawu ya riga kowa shiga motarsu. A can aka ce sai an ƙara mata jini, ya naɗe hannun riga ya ce su ɗebi nasa, likita ya ce jinin mai zazzaɓi ba ya yi. Nawa ma bai dace ba. Madam ce ta kwanta aka ɗebi nata.

Da masu binciken suka dawo ƙauyenmu bayan wata guda, Kawu ya bi gida-gida ya tara mutane. Ya tuɓe hularsa, ya durƙusa gaban Madam, wadda a shekaru ya haife ta.

"Gaban jama'a na zage ki, gaban jama'a zan roƙe ki. Ki yafe mini, ɗiyata."

Ta ce, "Na yafe, Baba. Ka shanye maganinka?"

Ya ce, "Na ɗanɗana."

Rakiya yanzu 'ya'yanta uku. Allah Ya jiƙan Kawu Illa, Ya yafe masa kamar yadda baiwar Allah nan ta yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa.