Rijiyar da Uban Kaka Ya Haƙa

Gure zuwa Gidigir

Ƙarfe biyar da rabi, ko zakaran gidanmu bai gama shawarar tashi ba, Kaka ya tasa ni gaba zuwa tasha. Tun yana yaro rabonsa da Rijiyar Kalla, ƙauyen makiyayan da ubansa ya kafa. Wani falke ya gaya masa rairayi ya binne rijiyar, tun ranar ya rasa sukuni. Aka ce in raka shi tunda ana hutun lakwal, ba karatu.

Motar da muka shiga ta girmi Kaka, kuma ta fi shi tari. A shinge jandarma ya daɗe yana duban hoton katinsa.

"Baba, wannan ɗanka ne?"

"Ni ne, kafin jikoki su cinye ni."

Ƙarfe bakwai muka sauka Gidigir, muka karya da ƙosai da shayi.

Gidigir zuwa Bune

Katkat ce, motar keta rairayi, mu wajen dubu a baya, har da wata akuya da ta cinye gefen gyalena. Sau uku muna kafewa a rairayi. Muna turi, Kaka na inuwa yana ba da tarihi: yadda ubansa Kalla ya zo da shanunsa da ƙannensa biyu, ya ga ciyawa kore a kwari da rani tsaka, suka yi ta haƙa har ruwa ya ɓullo. Bukkoki uku suka fara kafawa, makiyaya suka ji labari suka yi ta sauka.

Direba ya ce, "Baba, da ƙarfin labarin nan ka kama mana turi!"

Rijiyar Kalla

Daga Bune amalanke muka hau, awa biyu cur. Muna hawa tudun ƙarshe muka ji kukan shanu. Ga rijiya da ranta, sa na jan guga, garke na jira. Kaka ya diro kamar ɗan shekara goma, ya kama igiya.

Maigari ya tare shi. "Sannu Baba. Baƙo sai garke sun gama."

"Ni ɗan Kalla ne!"

"Duk mai jin ƙishi ɗan Kalla ne. Zana mana shaidar shanunsa."

Na ce a raina mun shiga uku, don tsohon nan jiya ma ya manta inda ya ajiye hularsa, alhali tana kansa. Ya durƙusa, ya ja layi biyu a ƙasa, ya tsaya. Can ya ƙara ƙugiya a sama. Maigari ya kwance wata tsohuwar fata daga jikin gwafar rijiya. Ga shaidar nan a ƙone a itace, iri ɗaya sak.

Aka ɗauki kabbara. Maigari ya riƙe hannunsa ya ce, "Zuriyar mai rijiya ke fara shayarwa. Ina dabbobinka?"

Kaka ya share ido, ya waiwayo. "Guda na kawo. Ke Zara, matso."

A gaban gari duka na kafa kai a guga.

Komawa

Mun kwana gidan maigari, fura da nono har na kasa sunkuyawa. Washegari bayan la'asar muka iso Gure da tunkiyar da ya ba mu, wai don kada a sake shayar da mutum a madadin dabba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa mutanen Rijiyar Kalla. Akuyar katkat kaɗai ban yafe wa ba.