Kawu da Jimlar da Ta Nutse

Jiya na tarar da ɗiyata tana latsa waya shiru, wai gwajin Turanci take, irin tambayoyin nan da ake jero jimla huɗu a ce ka zaɓi daidai. Sai na tuna Kawu, tsohon malamin firamare a Yelwa, da bai yarda a yi wannan aiki da ido ba.

"Jimla kwalekwale ce," in ji shi. "Sai ka shiga kake sanin mai yoyo. Ɗaga murya!"

Da na faɗi jarrabawar Turanci sau biyu, Inna ta rantse in na ƙara sai dai in koma jan tarun kamun kifi. Kawu ya kai ni bakin ruwa, inda mata ke bandar kifi. Hayaƙi na cin idona, ina kwarara jimlolin, shi ko ya karkato kunnensa mai ji. Inda harshena ya yi tuntuɓe sai ya buga sanda: "Ta nutse, wuce!" Har matan suka riƙa riga shi: "Ta nutse, Malam!"

Ranar jarrabawa na manta inda nake. Ina tsakiyar kwarara jimla ta biyu, mai sa ido ya damƙi wuyan rigata. Da ƙyar da roƙo ya ƙyale ni, na kuwa ci. Da na ba Kawu labari, cewa ya yi, "Ai shi ma ya ƙaru."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya amsa tambayar kabari da babbar murya, ba tuntuɓe.