Ranar da Abokan Zaki Suka Ƙi Bin Sa

Makon da aka ce ƙila a tura bataliyar ɗana Nura ƙetaren iyaka, kakata na yi ta tunawa, Allah ya jiƙanta.

Mutuniyar Bida ce, a Tudun Wada take da mu. Bayan magariba takan tura mana doya cikin garwashin murhu, mu zagaye ta. Hausarta namiji da mace duk “ya” ne, mu yi ta dariya, ta ɗaga muciya. “Ku matso, marasa kunya, labari ya zo.”

Wai kura ce ta ƙwace ramin zomo a dajin ƙetaren rafi. Zaki ya fusata, ya tara aminansa, giwa da ɓauna da kunkuru, ya ce su je su cinna wa dajin wuta kamar yadda masu farautar gafiya ke yi a Beji. Giwa ta ce 'ya'yanta can suke kiwo. Ɓauna ta ce duk wanda wutar ta koro, a ciyawarta zai sauka. Kunkuru kuwa, da muryar hanci Kaka take yin sa: “Ranka ya daɗe, in iska ya juya kai ka gudu. Ni fa?”

Zaki ya ce ashe ba shi da abokai. Suka ce yana da su, shi ya sa suka zauna masa a kan hanya. A nan Kaka take tsayawa da labarin.

Haushi ya ishe ni. Na ce, “Kaka, to zomon fa?”

“Kullum giwa yana zuwa bakin ramin yana magana da kura. Ya daɗe. Ci doyarki.”

Na girma ina ganin abokan zakin nan matsorata ne. Sai da rediyo ta ce wasu ƙasashen da ke ƙawance da mu sun ƙi yarda a shiga maƙwabciyar ƙasar da soja, masu shayi a Tunga suna ta cewa an ci amanarmu, sannan na gane tsohuwar nan. Ba kura suke so ba. Sun san inda 'yan gudun hijira za su kwana, sun san ba mai ba da umarni ke mutuwa ba. Wallahi na ji ina ƙaunar mutanen da ban taɓa gani ba.

Ranar Laraba Nura ya kira, ya ce an dakatar da tafiyar. Har da ɗan takaici a muryarsa, yaron nan. Na ce masa, “To, Allah ya kyauta.” Na kashe wayar, na zauna a ƙasan kicin na yi kuka.