Taurarin Tagulla na Doña Ofelia

A garin Las Tinajas da ke tsaunukan jihar New Mexico ta Amurka, kowa ya san shagon Ofelia Trujillo, wadda ake kira Doña Ofelia don girmamawa, domin ƙarar gudumarta kan riga ƙararrawar coci tashi. A wajen mahaifinta ta koyi zubin tagulla, shi kuwa bai haifi namiji ba, sai ya damƙa mata maƙerar. Sana'arta ita ce ƙera bajo irin na 'yan dokan zamanin da, tauraron nan da suke maƙalawa a ƙirji lokacin da bindiga ce alƙali a yankin. Masu tara kayan tarihi sukan yi doguwar tafiya don nata, saboda har tsatsa da ƙujewar tsufa takan yi wa tauraro. Amma ba ta taɓa cewa na asali ne ba.

Tauraro ɗaya ne ta ƙi ƙerawa duk rayuwarta: na Wendell Crabtree, shugaban 'yan dokan da gunkinsa ke tsaye a dandalin gari. Mutane na cewa shi ya kawo zaman lafiya. Kakar Ofelia kuwa tana ƙarama ta ɓuya a bayan garken tumaki, ta ga Crabtree da mutanensa sun harbe babanta Anselmo da sauran makiyaya a bakin rijiya, don wani mai shanu yana son ruwan. Da wannan labari aka yaye Ofelia.

Shekarar da gari zai yi babban bikin tunawa da Crabtree, aka kira taro a makaranta. Ofelia ta je da mahaifiyarta, wadda a lokacin sai da sanda. Dwight Crabtree, jikan jikan marigayin kuma mai otal ɗin garin, shi ke jawabi. Tsohuwar ta ɗaga hannu ta tambaya ko za a ambaci makiyayan. Dwight ya yi dariya ya ce, "Haba Mama, ɓarayin shanun nan? Ai sun samu abin da suka nema." Wasu suka taya shi dariya. Tsohuwar ta sunkuyar da kai, suka tashi suka koma gida. Kafin damina ta rasu.

Bayan zaman makoki sai ga Dwight a shago, yana fifita da malfarsa.

"Doña Ofelia, taurari nake so na bikin nan, masu sunan kakanmu. Kowane baƙo a maƙala masa ɗaya. Na san kina da taurin kai, amma duk jihar babu hannu irin naki."

"Zan yi," in ji ta.

Mijinta Nestor, da ke gasa barkono a tsakar gida, ya leƙo bayan baƙon ya tafi. "Tsohuwa, lafiyarki kuwa? Ke da ko ta gaban gunkin ba kya bi?"

"Kai dai juya barkononka, yana ƙonewa."

Ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Gaban tauraron ya fito tsaf, sunan Crabtree yana ƙyalli. A bayansa kuwa, ƙarƙashin allurar maƙalawa, ta buga sunan makiyayi ɗaya a kan kowanne, da kalmomin nan: "Shi ya kashe ni a bakin rijiya." Sunayen tana da su a ka. Ta manna kowane tauraro a jikin kwali mai ado, ta kai otal. Dwight ya duba, ya yaba, bai ciro ko ɗaya ba.

Ranar biki gari ya cika. Ana kiɗa, ana rabon taurari, Dwight yana kan dandamali da nasa a ƙirji, wanda Ofelia da kanta ta maƙala masa da safe. Wata baƙuwa ce ta fara juya nata za ta maƙala, ta karanta da ƙarfi, "Anselmo Trujillo. Wane ne shi?" Na kusa da ita ya ce nasa Ignacio Lucero ne. Kafin a jima dandali ya rikice, kowa na kiran suna. Wani dattijo ya ji sunan kakansa a bakin baƙo, ya zauna a ƙasa yana kuka.

Dwight ya sauko fuskarsa ja wur, ya tarar da Ofelia jingine da motar Nestor.

"Kin ci amanata, matar nan! Kin tozarta gidanmu gaban duniya!"

"Mahaifiyata ta yi maka tambaya, ka yi mata dariya," in ji Ofelia. "To ga shi an ambace su. Kai ma ciro naka ka gani, na Anselmo na ba ka da hannuna."

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Otal ya daina ajiye kayanta, rabin gari suka daina gaishe ta, aka jefi gilashin shagonta da dutse. Masu tara kaya suka yi ta zarya suna roƙon ta ƙara zubi, ita kuwa ta riga ta farfasa mazubin. Gunkin ma yana nan har yau, ba wanda ya taɓa shi.

Ba ta taɓa nuna nadama ba. Da Dwight ya kwanta ciwo, limamin coci ya zo ya roƙe ta ta je su yafi juna. Ta ba shi kofi, ta saurare shi har ya gama, ta ce idan Dwight yana son ganinta ya san hanyar makabartar da mahaifiyarta take, ya fara can. Bai je ba, ita ma ba ta je ba. Ta ci gaba da aiki har idonta ya gaza, sannan ta sayar da maƙerar ta koma wajen 'yarta a birnin Albuquerque.