Muryar Tsohuwa a Cikin Kiɗana

A lokacin da abin nan ya faru, ni direban gida ne a unguwar Suwaidi da ke Riyad, ina zaune a ɗan ɗakin da ke jikin get. Ɗan Jos ne ni, da mata da yara biyu a gida, dukansu da wannan aikin suke ci. Tun ina saurayi na kamu da ciwon jita, ba mai taushin nan ta soyayya ba, ta lantarki mai gurnani, kiɗan da ake kira rok da metal. Abokaina 'yan Maraɗi har tsokanata suke yi, wai kiɗana kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali. Ni ko a jikina. Burina in haɗa album nawa na kaina, kiɗa zalla babu waƙa, babu kamfanin da zai ce mini ga yadda zan yi.

Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, mai tsare gida ne na gaske, a motarsa ba a kunna komai sai karatu. Mahaifiyarsa kuwa tsohuwa ce mai kirki. Ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani, ta na'urar magana da ta haɗa cikin gida da ɗakina. Idan mutanen gidan sun fita sai in rufe ƙofa, in kafa makirfo gaban 'yar sifika, in yi ta ɗauka. Wata rana ina tsakiyar kiɗan da na fi so, daidai inda jita ke lafawa, sai na'urar ta buɗe. Tsohuwar ce, ta kira ni ɗanta, ta ce abincina na bakin ƙofa, in ci kafin ya huce, ta sa mini albarka. Da na saurara daga baya, wallahi muryar ta zauna a wurin kamar da gangan. Zuciyata ta ce in goge, son kai ya ce wa zai sani. Na bar ta, na ɗora album ɗin a intanet da sunan bogi. Bayan wasu watanni Allah ya yi mata rasuwa.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata safiya na ɗauki kafilina zuwa Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, muna hawa babban titi wayata ta haɗu da motar da kanta, sai ga jita ta barke. Na kai hannu zan kashe, ya ce in bari, yana so ya ji abin da nake kunnawa a motar da nake ɗaukar 'ya'yansa. Ya tambayi na wane ne, na ce na wasu Turawa ne. Sai a lokacin na gane wane kiɗan ne ke tafiya. Ni na yi shi, na san kowace gaɓa, na san saura kaɗan jita ta lafa. Ga sanyin mota amma gumi ya jiƙa mini riga. Na yi tari, na tambaye shi ƙarfe nawa jirginsa zai tashi, shi kuwa idonsa na kaina ta madubi.

Jita ta lafa, tsohuwa ta yi magana. Ya ce in tsaya a gefen titi. Na tsaya ina jiran mari ko 'yan sanda. Sai ya ce in mayar da kiɗan baya. Na mayar, ya saurara, ya ce in sake. Babban mutum mai furfura a gemu ya rufe fuska da mayafin kansa yana kuka. Da ya natsu ya tambaye ni ina da ina wannan abin yake, na faɗi gaskiya. Ya ce mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda an ɗauki muryarta ba, ko saƙon murya ba ta aika wa 'ya'yanta, ga shi ni da ta ciyar na kai ta kasuwar duniya a cikin kiɗa. A nan gabansa na cire album ɗin daga intanet. Sannan ya tambaya ko zan iya raba muryar da jitar. Na yi ta fama kwana da kwanaki, abin ya gagara, makirfo ɗaya ne ya kwashe su tare.

Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara ba. Ya buga mini huruj, wato fitar da babu dawowa. Ranar tafiyata ya tsaya a bakin get bai kalle ni ba, ya ce in tura masa kiɗan yadda yake, don ba shi da wata muryar tata sai wannan.

Yau ina Jos ina jan Keke Napep, jitar na saman durowa. Rasa aikin ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi cin raina shi ne na bar bawan Allah ba shi da hanyar jin mahaifiyarsa sai ta cikin kiɗan da ya ƙi jini. 'Yan'uwana da ke aiki a gidajen mutane, abin da kunnenku ya ji a can amana ce, ko da kuwa albarka ce aka sa muku. Ni tawa albarkar na ɗauka na yi ado da ita, ga inda ta kai ni.