Ranar da Baba ya yi yaji da goro

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ranar da aka zaunar da mahaifina cikin 'yan ƙwaya ba za ta fita ba.

Shekarar da ruwan tafkin Madarumfa ya cinye mana gona ce. Rumbu ya zama wayam, ga jikokin Baba biyar a gida, har da 'ya'yana biyu. Sai wata ƙungiya ta kawo tallafin hatsi, buhu guda ga kowane magidanci. Amma kwamitin gari ya kafa sharaɗi: tunda wasu samari kan sayar da rabonsu su sayi ƙwayar taramol, likita zai auna fitsari, wanda aka samu da ƙwaya a jiki a soke sunansa.

Baba masunci ne, bai san ko launin taramol ba. Amma shekara hamsin bakinsa bai rabu da goro ba. Wani ya ce masa na'urar awon tana kama duk abin da ke hana barci. Kunya ta hana shi tambaya, sai ya yi yaji da goro da shayi, bai gaya wa kowa dalili ba. Kwana huɗu muka sha wuya, ko kaza ta gitta gabansa sai ta sha faɗa.

Ranar rabo muka raka shi filin lakwal, wato makarantar boko, ni da Inna. Idonsa ja wur, hamma ba ƙaƙƙautawa. Kayan awon ba su da yawa, don haka likita da ido yake zaɓen waɗanda zai auna. Yana ganin Baba ya nuna masa gindin bishiya, inda aka ware samari shida. Tsohon nan ya tafi ya zauna, kai a ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga tausayi ga tsoron buhunmu.

Sai da rana ta take Inna ta gano bakin zaren. Ta matsa shi da tambaya har ya faɗa mata, ita kuwa ba ta iya sirri ba, ta faɗa wa filin gaba ɗaya. Likita ya yi dariya har da hawaye, ya ba shi haƙuri, ya ce ya je ya ɗauki buhunsa.

Baba bai tashi ba. Ashe zaman da ya yi, hira ya sha da yaran. Ɗaya matarsa na goyo, wani shi ke riƙe da uwarsa makauniya. Baba ya dubi dattawan kwamiti ya ce, "Na ji, yaron nan ya sha ƙwaya. To jaririnsa fa, me ya sha? Ku ba matansu da uwayensu a hannu, sannan in ɗauki nawa."

Na harare shi, don ni 'ya'yana nake tunani. Aka yi ta ja-in-ja har la'asar, shi yana zaune da ciwon kansa. Daga ƙarshe aka aika kiran matan, kowace ta ɗauki buhun gidanta, namu ne na ƙarshe.

Baba ya rasu yanzu, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya bar mini shi ne: kafin ka hana mai laifi abinci, leƙa ka ga su wa ke ci a kwanonsa.